Lemun tsamina yana zubar da ganye a ɗaki, ku taimaka min

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai damuwa ta fito da ni. Ina da ɗan lemun tsami a bokitin fenti, tsayinsa ya ɗan wuce gwiwata. Muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Dambatta, maigidan malamin firamare ne, gidan ba namu ba ne, kuma tsakar gida ɗaya muke da awakin masu gida. Tun ranar da wata akuya ta cinye masa rabin ganye na shigar da shi ɗaki, na ajiye shi bayan ƙofa kusa da taga. Yau wata biyu ke nan. Safe da yamma nake ba shi ruwa, ban taɓa fashi ba. Amma sai rawaya ganyen yake yi yana zubowa, jiya guda tara na share. Ko sabon toho ɗaya babu. A ina na kuskure?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, bokitin a huje yake ta ƙasa?

Maman Sadiƙ:
A'a Yaya, ban huda ba. Gudun kada ruwa ya ɓata min leda da sumintin ɗakin.

Uwar Biyu:
To ga ciwon nan. Ruwa sau biyu a rana, a cikin hunturu, a bokitin da ba shi da mafita. Saiwarsa a cikin taɓo take kwana take wuni. Ki sa hanci kusa da ƙasar, in kin ji tsami-tsami kamar na tsohon kwatami to ta fara ruɓa. Haka na kashe gwandata bara waccan, ina ta ƙara ruwa don na ga ganye ya yi laushi, ashe ruwan ne yake kashe ta.

Baba Mai Lambu, Kura:
'Yata, ni shawarata gajeriya ce. Bishiya ba 'yar ɗaki ba ce. Shekarata sama da talatin ina lambu a nan yankin Kadawa, da ruwan Tiga muke noma, ban taɓa ganin lemun da ya yi albarka a ƙarƙashin rufi ba. Ki samu wuri a bayan gida, a haƙa rami, a zuba taki, a kewaye da ƙaya, ki huta. Bokiti wahala ce kawai gare ki da shi.

Maman Sadiƙ:
Allah ya ƙara girma Baba. Da gidanmu ne da tuni na yi haka. Amma aikin maigidan ana iya sauya masa makaranta kowane lokaci, sau biyu muna tashi a shekara huɗu. In na dasa a ƙasa, ranar tashi barinsa zan yi. Wannan kuwa ba zan iya bari ba. Daga bishiyar mahaifina yake, ta gidanmu na Ringim. Lemun ƙarshe da ya aiko min kafin rasuwarsa na cire ƙwallon na shuka, uku suka fito, wannan kaɗai ya rayu.

Baba Mai Lambu, Kura:
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. To ai sai a sake lale. In haka ne bokitin ya zama dole, amma ɗakin bai zama dole ba. Wannan ban janye ba.

Abban Ummi:
Amin. Ni dai ban yarda cewa ba ya zama a ɗaki ba. Na sha gani a intanet, Turawa suna ajiye shi a falo, ga 'ya'ya nan rataye kamar an yi masa ado. In su ya yi musu, me zai hana mu? Ina ganin ta gyara maganar ruwan kawai, ta bar shi inda yake.

Ɗan Kazaure a Turai:
Bari in ɗan tsoma baki tunda a cikinsu nake karatu. Gaskiya ne suna ajiye shi a cikin gida, amma ba don yana son cikin gidan ba. Sanyi ne ya tilasta musu. Lemu ba ya jure daskarewar ruwa, in sanyi ya sauka ƙasa da sifili ya daɗe, ganye da ƙananan rassa ƙonewa suke yi, ƙaramar bishiya ma ta mutu. Shi ya sa suke shigar da shi lokacin sanyi, da ɗumi ya dawo su mayar da shi waje. Tsohuwar al'ada ce a wurinsu. A tsohuwar fadar sarakunan Faransa da ke wajen birnin Faris akwai ƙaton gini da aka yi musamman don bishiyoyin lemu, sama da dubu a cikin akwatuna, ana fito da su fili da ɗumi, a mayar da su ciki kafin sanyi.

Sannan falon da kake gani a hoto, Abban Ummi, bangonsa guda kusan duk gilashi ne, wasu har fitila ta musamman suke kunna wa bishiyar saboda ranar ba ta isa. Irin lemun ma daban ne, yawanci wanda ake kira Meyer ne, sunan Ba'amurken da ya kai shi Amurka daga ƙasar Sin a 1908. Gajere ne, yana saurin haihuwa a tukunya. Duk da haka kukan da suka fi yi a kansa shi ne irin na Maman Sadiƙ, da an shigar da shi ɗaki sai ganye ya fara zuba. Mu da Allah ya hore wa rana kyauta, sanyinmu kuma ba ya daskarar da ruwa, ban ga dalilin kwaikwayon abin da su ma dole ta sa su ba.

Abban Ummi:
To na ji. Amma akuya fa? Ai kun manta dalilin da ya sa ta shigar da shi. Kuna ta waje waje, wa zai tsaya gadi?

Malamin Gona, Birnin Kudu:
Tambayarka tana kan hanya, za mu zo kanta. Maman Sadiƙ, amsa min abu uku. Tagar ina take kallo, kuma rana tana sauka a kan ganyen kai tsaye? Wace irin ƙasa kika zuba? Kuna shiga da kaskon wuta ɗakin da dare?

Maman Sadiƙ:
Malam, tagar ƙarama ce, arewa take kallo, ranar ba ta shigowa sai haske kawai, kuma saboda ƙura yawanci a rufe take. Ƙasar daga bakin kududdufi yara suka ɗebo min, baƙa mai danƙo, na zaci ita ta fi ƙarfi. Kasko kuwa muna shiga da shi saboda yara.

Malamin Gona, Birnin Kudu:
To abubuwa huɗu ne suka haɗu masa, kuma da ya kai yau da rai, yana da ƙarfin da za a iya ceto shi. Lemu yana son rana kai tsaye awa 6 zuwa 8 a wuni. Da hasken rana ganye yake haɗa abincin bishiya, in babu shi sai ta koma cin abin da ta tara, tana sakin ganye ɗaya bayan ɗaya. Kuma a wannan watannin rana ta karkata kudu, tagar arewa ba ta samun komai. Bishiyar da ke cikin duhu ba ta shan ruwa sosai, don haka duk wanda kike zubawa taruwa yake. Ga laka mai riƙe ruwa, ga bokiti a toshe. Saiwa ita ma numfashi take, in ruwa ya cike duk ƙofofin ƙasa sai ta shaƙe. Zafin kasko da hayaƙinsa kuma suna busar da ganyen ta sama.

Ga abin da za ki yi gobe da sanyin safiya, kada ki jira Juma'a. Kwantar da bokitin, ki zaro shi a hankali da ƙasarsa. Dubi saiwar. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da ƙwari. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, fatarta na saɓulewa in kin ja, ta mutu, ki yanke da reza ko wuƙa mai tsabta. Ki karkaɗe lakar gwargwadon yadda za ta fita ba tare da kin tsinka masu rai ba. Sabuwar ƙasa kuwa: kashi biyu ƙasar gona mai yashi, irin ta jigawa, kashi ɗaya takin dabbobi da ya shekara ya zama gari ba ya wari, kashi ɗaya buntun shinkafa da ya tsufa ko yashin rafi mai tsakuwa. Ki ɗumama ƙusa a wuta ki huda gindin bokitin wuri shida ko takwas, ko wane rami ya kai kaurin ɗan yatsa. Wajen dasawa kada ki binne wuyansa, ya tsaya daidai inda ƙasa take a da. Lemu ba ya son ƙasa ko danshi manne da gindinsa, nan ne ciwon da ke sa shi zubar da ƙaro yake kamawa. Ki ɗora bokitin kan bulo biyu don ruwa ya fita, gara ma ba za ta samu hanya da sauƙi ba.

Kada ki kai shi tsakiyar rana a ranar farko. Ganyen da ya yi wata biyu a duhu ƙonewa zai yi. Kwana bakwai zuwa goma ya sha hantsi kawai, sannan ki riƙa ƙara masa.

Inna ta Gumel:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da zan ƙara, in tana da tsohuwar randa da ta tsage, ta fi bokitin roba nesa ba kusa ba. Randar ƙasa tana numfashi, tana sanyaya saiwa kamar yadda take sanyaya ruwa. In bazara ta zo roba zafi take ɗauka har ba ka iya taɓawa. A fasa gindin randar kaɗan a rufe ramin da tsingaro. Sannan ta riƙa barbaɗa toka, mu da ita muka taso, tana korar tururuwa tana ƙara wa shuka ƙarfi.

Malamin Gona, Birnin Kudu:
Inna, maganar randa na karɓa hannu biyu, kin fi ni gaskiya, sai dai nauyi ranar tashi. Amma toka, a yi min afuwa, a tukunyar lemu ban goyi baya ba. A gona fili ne, ruwan sama ya wanke, ƙasa mai yawa ta shanye. A tukunya kuwa taruwa take. Toka 'yar uwar kanwa ce, lemu kuma ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan. In tokar ta yi yawa sai saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, ki ga sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya, jijiyoyinsa kaɗai kore.

Inna ta Gumel:
Ɗana, bishiyar lemun gidanmu ta girmi wasunku, kuma a gindinta muke zubar da tokar murhu tun ina amarya. Har gobe tana haihuwa.

Malamin Gona, Birnin Kudu:
Ban musa ba Inna. Bishiyarki saiwarta ta yi nisa, ta wuce inda tokar take. Ta Maman Sadiƙ duk duniyarta lita ashirin ce. In don tururuwa ne, a zuba tokar a ƙasa kewaye da bulon, ba cikin tukunyar ba.

Inna ta Gumel:
To wannan na yarda. A kewaye.

Ɗan Haɗejia:
Wani abu da ba a taɓo ba shi ne irin ruwan. Mu nan wasu rijiyoyin ruwansu da ɗanɗanon kanwa, in ka daɗe kana ba shukar tukunya sai ka ga fari ya kwanta a saman ƙasa, bakin ganye ya ƙone. Maganinsa lokaci-lokaci ka zuba ruwa mai yawa har ya zubo ta ƙasa sosai ya wanke gishirin. In damina ta zo ruwan sama ya fi komai. Kuma don Allah mata a daina zuba ruwan wanke-wanke mai omo ko na wanki, ina gani ana yi saboda tsimin ruwa.

Uwar Biyu:
Ruwan alwala fa? Ni a gindin shukokina nake yi.

Ɗan Haɗejia:
Wannan ai tsaftatacce ne Yaya, sai dai a tukunya sau biyar a rana ya yi yawa.

Maman Sadiƙ:
To yanzu sau nawa zan riƙa ba shi? Ku faɗa min adadi in riƙe.

Baba Mai Lambu, Kura:
Babu adadi 'yata, yatsa ne. Ki tura shi cikin ƙasar har gaɓa biyu. Kin ji danshi, ki wuce abinki. Kin ji bushewa, ki ba shi ya ƙoshi har ya ɗigo ta ƙasa, ba yayyafi ba. Yanzu da sanyi zai iya kwana uku ko huɗu. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kullum zai nema, kuma ki kautar da shi daga ranar la'asar ko ki naɗe bokitin da buhun algarara. Da damina wani satin ko ɗigo ba za ki ba shi ba. Ƙurar hunturu kuma ki riƙa wanke masa ita da safe, sama da ƙarƙashin ganye, ƙura tana toshe shi tana jawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo.

Maganar akuya da Abban Ummi ya kawo: turaku huɗu da ragar waya irin ta kejin kaji, tsayi ya kai ƙirjin mutum, kuma a bar tazara kamar kamu biyu tsakanin ragar da ganye, don akuya miƙewa take ta jingina. In babu kuɗin raga, kara da ƙayar magarya ko ta bagaruwa sun isa. Mu da su muka raini mangwaro ɗari.

Matashin Manomi, Bunkure:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Duk wahalar nan a kan lemun ƙwallo ake yi. Na ƙwallo sai ya shekara biyar, wani ya fi haka, kafin ya yi fure, a tukunya ma ya fi jinkiri, ga ƙaya kamar me. Da ta sayi ɗan aure, wato wanda aka haɗa da reshen bishiya mai haihuwa, wajen masu dashe, shekara biyu zuwa uku ta fara tsinka. Ni da ni ne sai in ajiye wannan in sayi wanda zai amfane ni.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙanina, amma ko shekara goma zai yi zan jira. Lemu ai ko a kasuwar ƙauyenmu ana samu, daga 'Yan Lemo ake kawowa. Ba tsamin nake nema ba.

Uwar Biyu:
Kai ma dai, ba ka karanta abin da ta rubuta a sama ba ne?

Matashin Manomi, Bunkure:
Na karanta Anti, kuma ban yi nufin ɓata mata rai ba, a yafe ni. Gudu nake kada ta yi shekaru tana jira ta karaya.

Baba Mai Lambu, Kura:
Yaron nan bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. 'Yata, bishiyar mahaifinki tana nan da rai a Ringim?

Maman Sadiƙ:
Tana nan Baba, yayana ne a gidan. Ƙananan nan ne masu siririn ɓawo da ruwa sosai.

Baba Mai Lambu, Kura:
Alhamdu lillahi. To ai aure za a yi masa da uwarsa. In ya warke, gindinsa ya kai kaurin fensir, farkon damina lokacin da ɓawo yake saɓuwa da sauƙi, sai a yanko reshe daga bishiyar mahaifinki, wanda ya taɓa haihuwa. A cire ganyen, a naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, a kawo a ranar ko washegari. A fiƙe ido ɗaya, wato wurin da toho zai fito, da ɗan ɓawonsa, a tsaga fatar naki kamar taƙi guda daga ƙasa, a zura idon, a naɗe da leda tam. Bayan sati uku a kwance ledar. In idon kore ne ya kama, sai a sare kan bishiyar daga samansa don ƙarfi ya koma wurinsa. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi. Shi idon yana ɗauke da girman uwarsa, ba zai jira shekarun yarinta ba. Kin ga saiwa daga ƙwallon da ya aiko miki, kai kuma daga bishiyar da ya shuka da hannunsa. Amma kada ki fara koyo a kansa. Ki nemi mai aurar da mangwaro a yankinku, ko maigidan ya tambayi malaman gona na KNARDA, hukumar aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano. Can Bagauda ma akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu da itatuwa ta ƙasa, wannan aikinsu ne.

Malamin Gona, Birnin Kudu:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara don hankalinta ya kwanta: irin ƙananan nan, ko ba a yi aure ba, na ƙwallo yawanci uwarsa yake biyowa, ba kamar mangwaro ba da kan fito daban. Kuma lemun tsami ba ya buƙatar wata bishiya a kusa kafin ya haihu, fure ɗaya yana da namiji da mace, a waje kuma zuma za ta taimaka.

Taki kuwa kada ki sa masa yanzu, mara lafiya ba a ɗura masa tuwo. Sai kin ga sabon toho ya buɗe. Sannan NPK cokalin shayi ɗaya a gefen bokitin, nesa da gindi, ki bi da ruwa, sau ɗaya a wata. Ɗanyen kashin kaji da yuriya ki nisance su a tukunya, ƙone saiwa suke.

Maman Sadiƙ:
Wallahi Baba sai da na yi hawaye. Ban taɓa sanin ana iya haka ba. Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Gobe in sha Allahu zan zaro shi.

Maman Sadiƙ:
Salam. Na dawo da labari bayan sati biyar. Ranar da na zaro shi warin ƙasar har tsakar gida, kusan rabin saiwar ta ruɓe, na yanke. Randa na samu wajen matar mai gida, ita ma ta ce kada in saya. Maigidan da ɗalibansa biyu suka kafa turaku, muka sa kara da ƙaya ta gabas da rumbu inda hantsi yake sauka. Sati biyu na farko ya ƙara zubar da ganye har saura goma sha ɗaya, na ce shi ke nan. Sai na kankare reshen da farce na ga kore a ciki, na daure na hana kaina ƙara ruwa. Yanzu toho ya fito wuri huɗu, masu taushi masu sheƙi. Na kuma yi waya da yayana, ya ce in damina ta sauka da kansa zai kawo reshen.

Sai dai yau da safe na ga wani abu a kan sabon ganye kamar kashin tsuntsu, baƙi da fari, na zo sharewa ya motsa. Kuma gefen ganyen a cinye.

Baba Mai Lambu, Kura:
Tsutsar malam-buɗe-littafi ce, babban nan mai baƙi da ɗigon rawaya. In ta girma kore take komawa, ki taɓa ta ta fito da wasu ƙahoni biyu masu wari. Ba ta cizo. Ki cire da hannu ki jefa wa kaji, ba sai an kai ga feshi ba a kan bishiya ɗaya. Ki duba kan tohon da kyau, za ki ga ƙwai ƙanana zagayayyu ɗaya-ɗaya, ki murje su. Kowace safiya ki duba, don guda biyu sun isa su cinye miki tohon nan huɗu kafin Asabar.

Inna ta Gumel:
In darɓa ta biyo baya, ki daka 'ya'yan darbejiya ki jiƙa su kwana, ki tace ki yayyafa da yamma.

Maman Sadiƙ:
Na koma na duba Baba. Uku na samu, da ƙwai biyu a bayan ganye.